Kwana uku a kudancin Aisland, mu goma sha biyu da jagora ɗaya

Da na gaya wa Inna a waya cewa zan je Aisland, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ba ita ce ƙasar da aka ce wuta na fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara ba? Me ka ajiye a can?" Na ce, "Inna, kallo kawai zan je." Ta ce, "To, Allah ya tsare hanya. Ka riƙe addu'a."

Daga Manchester, inda nake aiki, jirgi bai cika awa uku ba ya sauke mu a Keflavik, daga nan kuma tafiyar kimanin kilomita 50 ce zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar. Da gangan na zaɓi ƙarshen Satumba. A tsakiyar watan Yuni rana takan faɗi ne ta sake fitowa duhu bai shiga ba, a Disamba kuwa wunin duka bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. A Satumba dare da rana sun kusa yin daidai, mutum ya san Asubarsa, ya san Magaribarsa.

A masauki na buɗe famfon ruwan zafi zan yi alwala, sai wani wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Washegari na tambaya, aka ce farar wuta ce: ruwan daga ƙarƙashin ƙasa aka jawo shi da zafinsa, babu wanda ya hura masa wuta. Kusan gida tara cikin goma a ƙasar da irin wannan ruwa ake ɗumama su. Na sanyin kuwa babu wari ko kaɗan, kuma ban taɓa shan ruwan famfo mai daɗinsa ba.

Na yi tunanin hayar mota, na fasa, don ban san hanya ba kuma an ce iskar ƙasar takan fizge ƙofar mota daga hannun mutum. Manyan bas-bas masu ɗaukar mutum hamsin su ma ba su kwanta mini ba. Sai na biya kuɗin tafiyar kwana uku a ƙaramar bas, mu goma sha biyu, da wata mata 'yar ƙasar wadda ita ce direba kuma ita ce jagora. Kuɗin da ciwo, gaskiya, domin komai na Aisland tsada gare shi. Amma ban yi da-na-sani ba.

Ranar farko muka fara da Thingvellir. A nan mutanen ƙasar suka kafa majalisarsu a shekarar 930, suna taruwa a fili duk shekara, kuma a nan suka ayyana jamhuriyarsu ranar 17 ga Yunin 1944. Muka bi ta wani dogon tsagi tsakanin katangu biyu na baƙin dutse. Jagorarmu ta ce ɓawon ƙasar da ke ɗauke da Amurka ta Arewa da wanda ke ɗauke da Turai da Asiya a wannan kwari suke rabuwa, suna nisantar juna da kimanin santimita biyu a shekara. Wannan tsagewar ita ce uwar duk abin da za mu gani, in ji ta, daga ruwan zafi har duwatsu masu aman wuta.

Daga nan sai Strokkur, wani rami da ruwa ke tafarfasa a cikinsa. Ni da iyakar sanina da ruwan ɗumi na ƙasa shi ne Wikki ta Yankari, inda ake shiga a yi wanka cikin natsuwa, sai ga shi ina kallon ruwa ya kumbura ya yi shuɗi kamar ƙwai, sannan ya yi tsiri sama mita goma sha biyar zuwa ashirin, ya huta 'yan mintoci ya sake. Jagorarmu ta tsayar da mu ta ɓangaren da iska ke fitowa, don kada tururin ya dawo kanmu. Gullfoss, matsirgar da ke faɗowa hawa biyu, mita 11 da mita 21, ba mu daɗe a kanta ba saboda sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a ranar dawaki ne. Ta gan su a bakin shinge ta taka birki, abin da babbar bas ba za ta yi ba. Gajeru ne, masu kauri, geza har tana rufe musu ido. Ta ce dokar ƙasar ta hana shigo da doki daga waje, kuma duk dokin da aka fitar ba ya dawowa, don gudun cuta. Suna da wata tafiya ta musamman mai santsi wadda mahayi ba ya girgiza. Na ce mata mu ma a Katsina muna ji da dokin da ya iya takama, na nuna mata hoton hawan sallah a wayata, wayar ta zagaya hannun mutum goma sha ɗaya kafin ta dawo mini.

Rana ta biyu muka kama babbar hanyar da ta zagaye tsibirin, muka nufi gabas. A Seljalandsfoss ruwa na zubowa daga tsayin mita 60, akwai kuma 'yar hanya ta bayansa da mutum zai bi ya ga duniya ta cikin labulen ruwa. Duk da rigar ruwa sai da muka jiƙe. A Skogafoss bakan gizo ya tsaya a gindin ruwan. Tsakanin matsirgun biyu ta nuna mana wani tsauni mai hular ƙanƙara, Eyjafjallajokull, wanda tokarsa ta tsayar da jiragen sama a yawancin Turai kusan kwana shida a Afrilun 2010. Gonaki ne kore shar a gindinsa, da shanu da tumaki, mutane na zaune abinsu.

Kafin mu sauka a Reynisfjara, bakin tekun nan mai baƙin yashi kusa da ƙauyen Vik, sai ta kashe mota ta juyo, fuskarta babu wasa. Ta ce, "Kada wanda ya juya wa teku baya. Za ku ga igiyoyi ƙanana suna zuwa, guda goma, guda ashirin, sannan wata ta zo ta wuce su duka da nisa. An rasa rayuka a nan." Muna tsaye can sama kusa da ginshiƙan dutsen da suka jeru kamar an sassaƙa su, sai ga irin wadda ta faɗa. Wasu baƙi da ba na cikinmu ba suna ɗaukar hoto a bakin ruwa, ta cim musu har gwiwa, ɗaya ya faɗi, 'yan uwansa suka ja shi. Na duba sai na ga jagorarmu tana ƙirga mu da yatsa. Daren nan na ci kifi da dankali, kamar sauran dararen, don shi ne abincin da hankalina ya kwanta da shi.

A rana ta uku ne na yi kuskure. Gabas da Vik akwai wani fili da ake kira Eldhraun, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, sama da murabba'in kilomita 500, gansakuka mai kauri ta lulluɓe shi kamar an shimfiɗa bargo a kan duwatsu. Da safe muka wuce shi, da la'asar a hanyar dawowa muka tsaya. Lokacin salla ya yi, ina so in haɗa Azahar da La'asar irin na matafiyi, na hangi wuri mai laushi da tsabta bayan igiyar da aka kewaye hanya da ita, na ɗaga ƙafa na tsallaka. Taku biyu na yi ta kira sunana.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsuguna ta nuna mini inda wani ya taɓa takawa, sawun ya bushe ya yi ja. Ta ce gansakukar nan ba ta da saiwar kirki, a hankali take girma, wurin da aka tattake yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya farfaɗo. Sannan ta ba mu labarin filin. Daga Yunin 1783 zuwa Fabrairun 1784 ƙasa ta tsage a Laki, wata takwas wuta na fita. Gubar da ta sauka a kan ciyawa ta kashe fiye da rabin dabbobin ƙasar, yunwar da ta biyo baya ta ci kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ta ce duk ɗan Aisland na yau jikan waɗanda suka tsira ne. Na fahimci cewa abin da na taka shi ne fatar da ta rufe wannan gyambo, kuma sama da shekara 200 aka yi tana rufewa. Na ba ta haƙuri, na dawo ta kan sawuna.

Da ta ji dalilina sai ta kai ni wani wuri mai tsakuwa a bayan bas inda iska ba ta kaiwa, ta tambaye ni ina zan fuskanta. Na duba waya, alƙibla gabas ce a ɗan karkace zuwa kudu. Ta ce wa sauran za mu ƙara minti goma, babu wanda ya yi ƙorafi. Wani dattijo ɗan Japan ma ya ɗora duwatsu biyu a gefen dardumata don kada iska ta ɗauke ta.

Tsakanin wannan safiya da la'asar ɗin mun je Jokulsarlon, wani tafki a bakin ƙanƙara, ƙarshen tafiyarmu, kimanin kilomita 380 daga Reykjavik. A hanya an ratsa wani baƙin fili na yashi inda aka ajiye ƙarafan gada a murɗe kamar igiya. A 1996 dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashin Vatnajokull, ƙanƙarar da ta rufe kusan kashi takwas cikin ɗari na ƙasar, ruwan da ya narke ya taru ya ɓalle ya tafi da gadoji. Maganar Inna ke nan, na gan ta da idona.

Tafkin kansa shekara ɗari da suka wuce babu shi, ƙanƙarar ce ta ja da baya ruwa ya maye gurbinta, kuma har yanzu faɗi yake ƙarawa. Manyan guntaye, wasu sun kai girman ɗaki, farare da shuɗaye da masu ratsin baƙar toka, suna yawo a hankali zuwa teku. Jagorarmu ta nuna wani wuri can cikin ruwa ta ce lokacin tana yarinya nan ne bakin ƙanƙarar. Ta tsamo wani ɗan guntu mai haske kamar gilashi ta miƙo mana, ta ce mu kai kunne. Ƙara yake yi ƙas-ƙas, iskar da ta maƙale a ciki tun ɗaruruwan shekaru ce ke fita yayin da yake narkewa. Na riƙe shi har yatsuna suka daina ji, sannan na miƙa wa na kusa da ni.

Dare ya yi mana a hanya. Wajen ƙarfe goma, yawancinmu na gyangyaɗi, ta sauka gefen titi a wani wurin tsayawa ta kashe fitilu ta ce mu fito. Da farko wani fari-fari na gani a arewa kamar siririn gajimare, sannan ya koma kore, ya miƙe, ya riƙa kaɗawa kamar zanen da aka shanya a iska, hasken nan ne na sararin samaniya da ake kira aurora. Ban ɗauki hoto ba sai da na gama tasbihi.

Da safe na kira gida. Inna ta ce, "Ka ga wutar?" Na ce, "Ban ga wutar ba, Inna, amma na ga inda ta bi." Ta ce, "Alhamdulillahi. Wannan matar da ta kula da ku, ka yi mata godiya dai ko?" Na ce na yi.