Godiya Ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Aikin Bishara na Bana

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni ne magatakardan kwamitin bishara na ikilisiyarmu a nan Sakkwato, kuma Baba Fasto da dattawa ne suka ɗora mini rubuta wannan saƙo. An yi godiya a majami'a ranar Lahadi, amma da yawa cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin ba su wurin. Wasu suna Zuru, wasu Kaduna da Jos, wasu ƙetare, wasu kuma maƙwabtanmu ne Musulmi waɗanda ba za su ji abin da aka faɗa a cikin sujada ba. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa muka fito da godiyar fili.

An kai magani ƙauye, an ziyarci 'yan'uwa a Amanawa, wurin jinyar kutare, an kuma sallami mai bishararmu da iyalinsa zuwa Jamhuriyar Nijar. Kowa ya je lafiya ya dawo lafiya. Ɗaukaka ta Allah ce.

Sai dai ba da baki ɗaya aka fara ba, kuma godiyarmu ta farko ga mutumin da ya ƙi yarda za ta tafi. A taron ikilisiya na farkon damina, da aka kawo maganar tura mutum Nijar, wani dattijonmu ya miƙe ya ce, “Rufin majami'armu na yoyo, gwaurayenmu ba mu gama ciyarwa ba, mi za mu kai wata ƙasa?” Ba wanda ya iya yi masa musu nan take. Kowa ya san abin da tiyar gero ta zama a kasuwa, kowa yana ganin mutanen da 'yan bindiga suka koro daga wajen Isa da Sabon Birni suna raɓe a kangaye cikin gari. Ga kuma naira ta faɗi tun 2023, baikon da a da zai riƙe iyali wata guda a Nijar, yanzu in aka canza shi zuwa sefa sai ka ji kunyar miƙawa. Baba dattijo har yau bai sauya ra'ayi ba, kuma bai ɓoye ba. Amma saboda maganarsa ne aka kafa doka cewa ba za a taɓa sisin kwabo daga asusun gwauraye da marayu ba, kuma duk abin da ya shigo don bishara sai an karanta shi a gaban jama'a. Baba, mun gode. Ka tsare mu daga aikin ganin ido.

Ni dai nawa ra'ayin, in za a jira sai an gama gyaran gida kafin a leƙa waje, ba za a taɓa fita ba. Waɗanda suka fara wannan aiki ba su fi mu hali ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasashen nan namu. Kafin shekara ta zagayo biyu sun rasu, Bingham kaɗai ya rage, kuma sai a 1902 mishan ɗin da suka assasa, wato Sudan Interior Mission (SIM), ta samu wurin zama a Patigi. Abin da ya fi burge ni kuwa na iyayenmu ne 'yan ƙasa: tun 1948 suka kafa ƙungiyar tura masu bishara da aljihunsu, wadda yau muke kira EMS (Evangelical Missionary Society), alhali ECWA kanta, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, sai a 1954 ta tsaya da ƙafarta. Manoma ne da malaman makaranta, albashinsu bai taka kara ya karya ba, amma suka aika.

Zumuntar Mata, ina za mu fara? Kuɗin da ya fi yawa a aikin nan daga kaskonku ya fito. Wanda bai zo bayan majami'a da daren Juma'a ba bai ga aiki ba: gyaɗa a kan wuta, wasu na murzawa suna fecewa, wasu na matsar tunkuza har mai ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, hayaƙi ya sa ido ja, amma waƙa ba ta yanke ba. Mama shugaba tana zaune kan turmi da fitilar waya da tsohon littafin lissafi, ko kwalbar mai ɗaya ba ta fita sai ta rubuta. Da asuba 'yan mata su ɗauki ƙuli-ƙuli da man gyaɗa su kai wa masu saye. Iyayenmu mata, Allah ya ƙara ƙarfi, ya albarkaci 'ya'yanku. Yaran makarantar Lahadi ma sun kawo asusunsu na gwangwanin madara, ma'aji ya sha aikin miƙe tsofaffin naira ashirin da hamsin.

Ranar kai magani, mun gode wa mai garin da ya karɓe mu. Ba za mu faɗi sunan ƙauyen ba, kun san halin da hanyoyi ke ciki. Tun zuwan dattawa na farko ya gindaya sharaɗi ya ce, “Ku yi aikinku, amma kada a matsa ma kowa kan addininai.” Muka ce da ma haka koyarwarmu take. Magani ba ƙugiya ba ne da ake saƙala tsutsa don a kama kifi. Ba a tambayi kowa addininsa kafin a duba shi ba, ba a ce sai ka saurari wa'azi za ka karɓi ƙwaya ba. Wanda ya tambaye mu dalilin zuwanmu mun gaya masa gaskiya, cewa ƙaunar Almasihu ce ta kawo mu, wanda ya nemi a yi masa addu'a an yi, wanda bai nema ba ya karɓi maganinsa ya tafi da mutuncinsa. Liman da kansa ya aiko da tabarmi da randar ruwa. Malam, mun ga karamci, Allah ya saka da alheri.

Ma'aikatan jinyarmu sun ajiye hutunsu suka zo, wasu daga aikin dare kai tsaye. A ajin firamare aka jera benci. Nan ana tsaga yatsa a ɗiga jini a kan ɗan abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, a jira minti goma sha biyar a ga layi ɗaya ne ko biyu, can ana awon hawan jini, tsofaffi da dama ranar suka fara jin cewa ciwon kan da ke damunsu yana da suna. Inda aka fi jimawa shi ne teburin yara. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro, kore da rawaya da ja. In ya tsaya a ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani, kuma wannan ya wuce abin da za a yi a kan benci. 'Yar'uwar da ke awon ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Sai ta ja uwar gefe, ta yi mata bayani a hankali yadda ba za ta ji an tozarta ta a gaban kishiyoyi ba, ta rubuta mata takardar zuwa asibiti. Akwai kuma yaron da aka gani da gyambo a dasashi yana wari, aka ji tsoron ciwon da ake kira noma ne, cutar da ke cin baki da fuska, aka haɗa iyayensa da Asibitin Yara na Noma da ke nan Sakkwato, wanda yake aiki tun 1999. Ɗan'uwan da ya ɗauke su a motarsa washegari ya ce kada a ambace shi. To, ba mu ambata ba, amma Allah ya gani.

Matasa da ƙungiyar mawaƙa ne suka jagoranci ziyarar Amanawa, da barguna da sabulu da man shafawa, ganin hunturu ya kawo kai. Wasu yaranmu ba su san tarihin wurin ba sai ranar. A ƙarshen shekarun 1930 ne 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin jinyar kutare a can, kamar yadda suka yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina, a lokacin da ba a barin mishan ta zauna a cikin masarautun Arewa yadda take so. Ta hanyar wanke gyambo aka san Kirista a ƙasar nan kafin a san shi da wa'azi. Bari in yi amfani da wannan dama in faɗa wa masu karatu: kuturta tana warkewa. Maganinta kyauta ne, ana sha wata shida zuwa shekara guda, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta ga kowa. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓi a wurin, ya je a duba shi tun yatsu ba su lalace ba. Mun gode wa ma'aikatan da suka ba mu izini, da tsofaffin da suka zauna da yaranmu suna ba su labari har rana ta yi sanyi.

Sai sallamar mai bishara. Mu a Sakkwato ƙasar waje ba ta da nisa: ka bi ta Kware da Gwadabawa, ka kai Illela, ka tsallaka sai Birnin Ƙonni. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, dangi a kowane gefe. Duk da haka wata ƙasa ce, da kuɗinta da dokokinta, kuma wanda ya ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har Najeriya ta buɗe nata gefen a Maris 2024, ya san tura iyali can ba wasa ba ne. Ba kuma fili ne da ba kowa ba. Akwai ikilisiyoyi a Nijar tun kafin a haife mu, asibitin mishan na Galmi, garin da albasarsa ta yi suna, yana aiki tun 1950. A ƙarƙashin 'yan'uwan can ɗan'uwanmu zai yi hidima, su ne suka san ƙasarsu, kuma muna gode musu da suka nema masa ɗaki tun kafin ya iso.

Godiya ta musamman ga matarsa. Shi an ɗora masa hannu an yi addu'a, an ba shi Littafi Mai Tsarki sabo, kowa na gaishe shi. Ita ce ta bar shagon ɗinkinta da mahaifiyarta tsohuwa, ita ce za ta zauna da yara suna kukan makarantar da ake koyarwa da Faransanci. Mama, ikilisiya ta ga wannan, kuma Zumuntar Mata ta ɗauki alkawarin duba Kaka duk mako.

A hanyar rakiya bel ɗin motar kaya ya tsinke bayan Gwadabawa, rana tsaka. Wani bakanike ya bar abincinsa ya hau babur ya nemo wani, ya ɗaura, ya karɓi kuɗin bel kawai. Ko sunansa ba mu tambaya ba saboda sauri. In wannan saƙo ya kai ga wanda ya san shi, a isar masa.

'Ya'yanmu da ke aiki da karatu a Ingila da Amurka, saƙonku ya iso ta hannun ma'aji, da shi aka sayi yawancin magunguna. 'Yan'uwa na sauran ikilisiyoyin gari da suka ba mu aron rumfa da lasifika, da 'yan birged da suka tsare ƙofa, da masu azumi da addu'a waɗanda ƙafa ba ta bar su fita ba, duk mun gode. Wanda muka tsallake ya yafe mana.

Lissafin shiga da fita yana manne a allon sanarwa, duk mai tambaya ya samu ma'aji bayan sujada. Tallafin mai bishara na wata-wata ne, bai ƙare da biki ba, don haka waɗanda suka rubuta suna a riƙa tunawa da Lahadin farko na kowane wata. Muna neman wanda ya iya Faransanci ya riƙa taimaka wa yaran ta waya da aikin makaranta. Gyaran rufin majami'a kuma shi ne farko a taron dattawa mai zuwa, Baba dattijo ne shugaban kwamitin. Akwai kujeru da manyan kuloli biyu na Zumuntar Mata da ba su dawo ba, wanda suke wurinsa ya taimaka ya kawo kafin Asabar.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Magatakarda, a madadin Kwamitin Bishara.