Tayar da ke sacewa ba ƙaya ba ƙusa

Tayar baya ta kekena na hawan duwatsu mara tub ce, kuma ta ɗauki wani hali: in buga mata iska da yamma ta yi tam, kashegari in matsa da yatsa in ji ta yi laushi. Na duba ta ciki da bai, ban ga huji ba.

Na fara da girgiza ƙafar keken kusa da kunne, ban ji motsin ruwa ba. Irin wannan taya ta dogara ne da farin ruwan roba da ake zubawa a ciki, shi ke toshe ƙananan huji da kansa, kuma zafin bazara da bushewar hunturu kan ƙafar da shi cikin 'yan watanni. Da na buɗe, ya zama ɓawo. Na kankare, na zuba sabo kusan mililita 90, abin da taya mai inci 29 ke buƙata, na yi ta jujjuya ta har ya zagaye ko'ina. Ta rage sacewa, amma ba ta daina ba.

Sai na koma dabarar masu faci, ruwan sabulu. Na shafa a jikin tayar, da bakin da ta kama rim, da gindin kowane sifok, wato siraran wayoyin ƙafar keke. Kumfa ta taso a gindin bawul. A nan hannu ke saurin kai wa filaya don a ƙara ɗaure noti, ni kuwa ban yarda da hakan ba, domin matsi da yawa yana lalata robar gindin bawul, da yatsu ake ɗaure shi. Kuma yawanci laifin ba na bawul ba ne. Rim ɗin bango biyu ne. Idan tef ɗin da ya rufe ramukan sifok ya ɗaga ko ya tsage, iska takan shiga tsakanin bangayen ta yi tafiya, ta fito a rami mafi faɗi, wato na bawul.

Haka na tarar: tef ya lotsa cikin rami ɗaya, da 'yar tsaga kamar ta reza, nesa da inda kumfar ta fito. Na ɓare shi duka, na goge rim da sifirit ya bushe, na naɗa sabo ina ja da ƙarfi, ƙarshensa ya hau kan farkonsa kamar santimita 10. Ramin bawul a jikin sabon tef ɗin ɗan ƙarami na huda da tsinin ƙarfe, ban yanka ba. Yanzu sai ta yi kwanaki kafin ta nemi famfo.