Makero a jikin maraƙina

Maraƙin da na sayo a kasuwar dabbobi ta Tulaku da ke Ashaiman a Ghana don kiwon Layya ya fito da makero: tabo zagaye-zagaye a gefen ido da wuya, gashin ya zube, fatar ta yi furfura kamar an barbaɗa toka. Maƙwabcina a unguwar Nima ta Accra ya ce, "Alhaji, shafa masa baƙin mai." Haba, baƙin mai a gefen ido?

Sai na ware shi, na sa safar hannu na kankare ɓawon da burushi da sabulu, ina shafa aidin kullum, ina ɗaure shi a rana. Turkensa da igiyar ma na wanke su da bilic, don cutar kan yi watanni a jikin itace. Yara kuwa na hana su taɓa shi, saboda makero na kama mutum.