Godiya ga duk wanda ya zo wasan yoyo ranar Asabar

Salamu alaikum jama'a. Sai yau na samu zama in rubuta, tun Asabar yatsana na tsakiya ke zogi saboda zare. Alhamdulillah ɗan taron yoyo da muka haɗa wa yaran layinmu a Tudun Wada an tashi lafiya, ni da na ari benci biyu ina ganin sun isa sai ga yara har a ƙasa, wasu a kan katanga.

Mai unguwa da ya ba mu ƙofar gidansa, Allah ya ƙara girma. Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko da zoɓo cike da kula ba wanda ya roƙe ta, telan bakin layi ya ba mu zare kyauta, abokaina kuma tun daga Kawo da Unguwar Rimi duk da tsadar kuɗin keke, Allah ya bar zumunci.

Amma Yaya, kai ne dalilin rubutun nan. Na san ba ka cika leƙa Facebook ba, Anti dan Allah a nuna masa.

Ina firamare yoyona na farko marfin kwalba ne guda biyu da na fasa da ƙusa na haɗa da zaren buhu, ya sauka dai amma dawowa sai an yi sa'a. Ana jibi sallah ka shigo daga Kasuwar Barci da na roba ja mai kawo wuta, wallahi da shi na kwana a hannu. Sai dai na ɗaure zaren tam a jikin ƙarfen tsakiya, ina jefawa ya taso, ni kuma so nake ya tsaya a ƙasa yana juyawa irin na manyan yara, abin da muke cewa ya yi barci. Har kuka na yi. Ka karɓa ka kwance ƙullin, ka ninka zaren biyu ka murza shi ka bar ɗan zobe sako-sako a ƙarshe, ka ce to jefa da ƙarfi. Ƙarar nan ta fiiii da ya yi a ƙasa har yau tana kunnena. A satin ne kuma na fasa wa Umma gilashin fitila garin juya shi sama, kai ka ce kai ne, ka sha faɗan da ba naka ba.

Sai da na girma na fara bincike a waya na gane ashe wannan zoben shi ne dabarar da ake dangantawa da Pedro Flores, ɗan ƙasar Filifin da ya buɗe kamfanin yoyo a Santa Barbara ta Amurka a 1928, kafin Donald Duncan ya saye kamfanin. Kai da ba ka taɓa jin sunansa ba ka koya min a zauren gidanmu. Na yanzu ma boris ne a tsakiyarsu, irin wanda muke tsinta a garejin kanikawa amma ɗan mitsitsi, shi ya sa suke daɗewa suna barci, wasu ko ka fizga ba sa tasowa sai ka naɗa musu zaren da dabara. Yaran nan sun samu a sama, shi ya sa na sa kowa ya fara da na marfin kwalba tukuna.

Na ga ka tsaya can baya ka ƙi karɓa wai hannu ya manta, ban yarda ba, Asabar ta sama ina nan tafe da guda biyu.

Af, akwai yaron da ya bar silifas shuɗi ƙafa ɗaya, yana wajen tela.