Shekarar da baƙi suka daina zuwa Maldives

Sana'ata sayar da tikitin jirgi da shirya wa mutane tafiyar Umara a nan cikin birnin Katsina. Shi ya sa idan ana hirar korona, ni ba takunkumin fuska nake fara tunawa ba, ranakun da aka rurrufe ƙofofi nake tunawa. Saudiyya ta dakatar da Umara ranar 27 ga Fabrairun 2020. Nijeriya ta hana jiragen ƙetare sauka daga 23 ga Maris, ba a sake buɗe Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Hajjin shekarar kuwa mazauna Saudiyya kaɗai suka yi, su ma 'yan ƙalilan. Mun ji jiki. Sai dai akwai mutanen da in na auna namu da nasu nakan ga namu da sauƙi, su ne mutanen Maldives.

Ta hanyar wani abokina na san ƙasar. Ɗan can ne, tare muka yi karatu a Maleshiya. Akhi yake ce mani, ni ma haka nake ce mashi, har yau ba mu canza ba. Da ya koma gida sai ya ci bashin banki ya gina masaukin baƙi mai ɗaki takwas a tsibirinsu, ya sayi kwalekwale mai inji na ɗauko baƙi daga filin jirgi. A watannin kulle, ni ba aiki shi ba aiki, muka koma kamar zamanin makaranta, kullum muna kan waya bayan Isha'i.

Ga wanda bai sani ba, Maldives tarin tsibirai ne wajen 1,200 a tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sri Lanka, kuma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Al'ummar ƙasar duka, har da baƙin ma'aikata, wajen rabin miliyan ne. Musulmai ne, tun ƙarni na 12. A 1972 aka buɗe otal na farko na masu yawon buɗe ido, aka kuma ɗora harkar a kan tsari guda: kowane babban otal da tsibirinsa shi kaɗai, inda ba kowa sai baƙi da masu yi masu hidima. Can ake sayar da giya, can ake tsiraici a bakin ruwa, su kuma mutanen gari suna nasu tsibiran da masallatansu. Sai a 2009 gwamnati ta yarda talaka ya buɗe ƙaramin masauki a tsibirin da mutane ke zaune. Tsibirin Maafushi ne ya fara yin suna da wannan, wasu suka bi, abokina na cikinsu.

A 2019 baƙi miliyan 1.7 suka shiga ƙasar, wato sun ninka masu gida sau uku. Ranar 7 ga Maris ɗin 2020 aka samu masu cutar na farko, ma'aikata biyu a wani otal. Ranar 27 ga watan gwamnatin Ibrahim Mohamed Solih ta daina ba da bizar da ake bugawa a filin jirgi, wanda ke nufin an rufe ƙasar ke nan. A tsakiyar Afrilu aka kulle babban birnin, Male, ana saura kwanaki a kama azumi. Ƙarshen shekara da aka yi lissafi, baƙin da suka shigo wajen 555,000 ne, akasarinsu kafin rufewar, tattalin arzikin ƙasar kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A shekara ɗaya fa.

Lissafin ba shi ya fi tsaya mani a rai ba, yadda abin ya bi gida gida ne. Ma'aikacin babban otal a can albashinsa ba shi ne abin dogaronsa ba. Akwai kashi 10 cikin ɗari na ladan hidima da ake ɗora wa baƙo a kan duk abin da ya kashe, a tara a raba wa ma'aikata ƙarshen wata, kuma a otal mai kasuwa wannan kason yakan fi albashin kansa tsoka. Ranar da baƙo na ƙarshe ya tafi, kason ya tafi tare da shi, ko da ba a kori mutum ba. Daga nan aka shiga rage albashi da hutun dole ba biya. Ƙanen matar abokina yana cikin waɗanda suka maƙale a tsibirin otal ɗin da suke aiki, ba baƙi, ba kuma izinin tafiya gida, domin an taƙaita zirga-zirga tsakanin tsibirai. Shi ke ciyar da iyayensa da kuɗin da yake aikowa. Gwamnati ta fito da tallafin rufiya 5,000, kuɗin ƙasar, a wata ga wanda ya rasa aiki, dala ɗari uku da 'yan kai ke nan, bankuna kuma suka ɗage karɓar bashi na wasu watanni. An ɗage ne kawai, ba a yafe ba.

Waɗanda suka fi kowa shan wuya ma ba 'yan ƙasa ba ne. Leburorin Bangladesh ne da ke cunkushe a ɗakuna a Male, wasu ba takardu, ba mai ba su tallafi, cutar kuma ta fi yaɗuwa a cikinsu.

Wata rana na kawo labarin a majalisarmu ta bayan La'asar, sai wani dattijo da muke girmamawa ya ce ai laifinsu ne, kayan aro ba ya rufe katara, me ya hana su kama noma. Ban yi gardama da shi a wurin ba, babba ne. Amma a nan zan faɗi ra'ayina: wannan maganar mutumin da ke da gona a bayan gari ce. Ni da ofishina ya tsaya, daminar 2020 gonar gidanmu na koma, aka samu gero da wake, ba mu kwana da yunwa ba. Shi wannan bawan Allah ina zai koma? Tsibirinsu za ka zagaye shi da ƙafa tsakanin Magariba da Isha'i, ƙasar kuma rairayin murjani ce, abin da take bayarwa kwakwa da ɗan gwaza da ayaba. Shinkafa, fulawa, sukari, albasa, man fetur, magani, siminti, kusan komai a jirgin ruwa ake kawo shi, kuma da dala ake biya. Dalar kuwa aljihun baƙo take fitowa. Farashin gwamnati yana nan a rufiya 15.42 kan kowace dala, amma a bayan fage ta haura, 'yan kasuwa na neman ta ido rufe. Hatta ruwan sha a tsibirai da yawa ko dai na sama ne da aka tara, ko na teku da inji ya tace da man da aka sayo daga waje.

To kifi fa? Nan ma na yi tsammanin mafita ce, tunda kafin otal-otal kamun kifin tuna ne sana'ar ƙasar, da sanda da ƙugiya suke kama shi ɗaya bayan ɗaya. Samari da yawa sun koma jiragen kamun kifi, kuma gaskiya shi ya riƙe tukunya, romon kifi da shinkafa bai yanke a gidaje ba. Amma ɗanyen kifin da ke kawo kuɗi mai kauri, wanda ake kai wa Turai, a cikin jiragen da ke kawo baƙi ake loda shi idan za su koma. Da jiragen suka daina zuwa, gidajen abincin Turai kuma suna rufe, sai ga kifi ga masunta, ba hanyar fitar da shi. Ashe har sana'ar kakanni ta rataya a jikin jirgin baƙo.

Mutanen da na san za su fahimci wannan ba sai an yi masu dogon bayani ba su ne na Jibiya da Mai'aduwa. Tun Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka zo aka hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan korona ta sauka a kai. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Direba, ɗan dako, mai shayi, mai canjin sefa, ba wanda aka tambaya. An yanke hukunci a wani wuri mai nisa, su dai sun wayi gari kasuwa ta mutu.

Ranar 15 ga Yulin 2020 Maldives ta sake buɗewa, tana cikin ƙasashen farko da suka yi wannan kasadar. Ban ga laifinsu ba, don ba su da zaɓi. Abin da ya ƙona wa abokina rai shi ne manyan otal-otal aka fara buɗe wa, su ƙananan masaukai na cikin gari sai 15 ga Oktoba. Hujjar gwamnati a fili take: baƙon da ke tsibirin otal ba ya cuɗanya da jama'a, na masauki kuwa cikin unguwa yake kwana, ga tsofaffi, ga ƙaramin asibitin da ba ya iya ɗaukar mai numfashi da ƙyar. Hujja ce mai ƙarfi, shi ma bai musa ba. Amma sakamakonta shi ne masu manyan jari, waɗanda da yawansu kamfanonin waje ne, suka riga talaka komawa kasuwa da wata uku. Attajiran duniya ma suka mayar da wurin mafaka, suna kama ɗaki na makonni suna aikinsu ta intanet, shi kuwa yana share ɗakuna takwas da ba mai kwana.

Ko bayan an ba shi izini, buɗe ƙofarka daban, a bar baƙo ya fito daga gidansu daban. Sin ce ta fi kowace ƙasa turo masu baƙi a 2019, sai ta kulle mutanenta, ba su dawo ba sai Janairun 2023. Birtaniya ta saka Maldives a jerin ƙasashen da duk wanda ya dawo daga can sai ya biya kuɗin killace kansa a otal, daga Mayu zuwa Satumbar 2021. A Mayun nan dai, da nau'in korona na Delta ya ɓarke, Maldives da kanta ta dakatar da baƙi daga Indiya da maƙwabtanta na wani lokaci, alhali Indiyawa da Rashawa ne suka cike gurbin da aka bari. Abokina ya ce a wancan lokacin ya fi bin labaran Landan da Delhi a kan na Male, domin sanarwa ɗaya daga can tana iya soke mashi baƙin wata guda kafin gari ya waye. Na gane abin da yake nufi, don ni ma haka nake kwana ina jiran sanarwar Saudiyya.

Wani abu da ya taɓa ba ni dariya a hirarmu: ashe tsakaninmu da su akwai tsohuwar hulɗa. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Katsina da Kano, asalin mai yawansa daga tekun Maldives ake tsamo shi. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a can a ƙarni na 14, ya ga yadda suke tara shi, daga baya kuma ya tarar ana kashe shi a Mali da Gao. Wannan kasuwar ma daga waje aka karya ta, lokacin da 'yan kasuwar Turai suka cika Afirka ta Yamma da wurin Zanzibar a ƙarni na 19 har darajarsa ta zube.

A 2021 baƙi miliyan 1.3 suka shiga, kuma duk wanda ya kalli wannan adadin zai ce ƙasar ta farfaɗo da wuri. A takarda haka ne. Abokina dai kafin a kai nan ya riga ya sayar da kwalekwalensa don ya rage bashi, kuma a farashin wanda ya matsu ya sayar. Ma'aikatansa biyu da ya sallama, ɗaya ya koma kamun kifi bai dawo ba, ɗaya ya tafi Male neman aikin gwamnati. Yanzu ɗakunan suna cika daga Disamba zuwa Afrilu, amma duk baƙon da zai ɗauko daga filin jirgi sai ya biya mai kwalekwale kuɗin kujera, kuma wani lokacin a cikin tsohon kwalekwalen nasa ake kawo su.