Taɓarya da yatsan Mma

Asabar, Aboabo, Kumasi

Da hantsi ƙanena yana dakan fufu, Mma tana juyawa a turmi, sai taɓarya ta sauka mata a ɗan yatsa. Fata ba ta tsage ba, ko ɗigon jini babu. Amma kafin azahar yatsan ya yi suntum, ya yi ja, in ka taɓa kamar an ciro shi daga murhu.

"Maza je kemis ki sayo min kafso, ƙwayar cuta ta shiga."

"Mma, ta ina za ta shiga? Ai ƙofar a rufe take."

Na sa ƙanƙara a tsumma na riƙe mata hannun, ina tuna abin da muka karanta a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Kullum biliyoyin ƙwayoyin halitta na mutuwa a jikinmu, suna naɗe kayansu tsaf, makrofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki masu share shara, su haɗiye su shiru, ba kumburi. Ƙwayar da taɓarya ta murƙushe kuwa fashewa take, kayan cikinta su zube waje: sinadarai irin su ATP, HMGB1 da yurik asid. A cikin gida ba su da laifi. Ganinsu a waje ne ke tayar da masu gadi, wato garkuwar jiki. NLRP3, furotin mai gano ɓarna, ya farka, a saki IL-1β, sinadarin da ke kiran kumburi, jijiyoyin jini su buɗe su fara yoyo, cikin 'yan awanni niyutrofil, wasu fararen ƙwayoyin jini, sun cika wurin. Polly Matzinger, masaniyar garkuwar jiki, ita ce a 1994 ta ce jiki ɓarna yake saurare, ba baƙunta kaɗai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maitokondiriya, injin samar da kuzari a cikin ƙwayar halitta. Asalinta bakteriya ce, don haka in ta zube, jiki na ɗaukarta kamar ɓarawo ya haura katanga. Ashe Mma ba ta yi nisa da gaskiya ba, jikinta ma haka ya zata.

Ban sayo kafson ba, wato maganin kashe bakteriya. Ba shi da abin kashewa a nan, kuma yadda muke shansa barkatai a Zongo yana damuna sosai. Farasitamol na ba ta. Ta yi fushi, ta ce boko ya sa na raina ta. Maganar ta sosa min rai.

Bayan isha'i na tarar da ita kwance, hannun a ɗage kan filo kamar yadda na roƙe ta. Ƙarƙashin farcen ya fara baƙi. In gobe ba ta iya lanƙwasa yatsan ba, za mu je a ɗauki hoton ƙashi.