Kafin ka ɗora wa kaza laifin shan ƙwai

Da wuya ka ga kaza ta fara da fasa lafiyayyen ƙwai. Yawanci abin yana somawa ne daga ƙwan da ya fashe da kansa: ko ɓawonsa bai yi ƙwari ba, ko wata ta taka shi, ko ya faɗo a kan daɓe mai tauri. Kaza kuwa duk abin da ta gani sai ta kai masa baki. Da ta ɗanɗani gwaiduwa shi ke nan, sauran ma suna ganinta za su rufa mata baya. Saboda haka ƙannena masu sha'awar kiwo, ku fara binciko abin da ke fasa ƙwai a akurkinku.

Ni na daɗe ina zagin kajina, alhali nawa ne laifin. Dusa da tsaba kawai nake watsa musu, ina ganin tunda sun ƙoshi an gama. Da sinadarin kalshiyam ake gina ɓawon ƙwai, kuma ƙwai ɗaya kan ɗebe kusan giram 2 daga jikin kaza. Mai yin ƙwai kullum tana buƙatar wajen giram 4 a rana, abin da hatsi ba zai ba ta ba ko cikinta zai fashe. Idan ta rasa, sai jikinta ya riƙa zuƙa daga ƙashinta, ɓawon kuma ya fito sakayau. Abincin kajin ƙwai da aka haɗa daidai yana ɗauke da kalshiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, da furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 16. A ƙara musu dakakken ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo mai tauri) ko garin ƙashi a wani mazubi daban, mai buƙata za ta je ta ci. Hasken rana ma da muhimmancinsa, don da shi jikinsu ke yin bitamin D da ke taimaka wa kalshiyam shiga jini. A lokacin tsananin zafi ɓawo kan ƙara raguwa, ƙishirwa kuma kaɗai ta isa ta sa kaza neman ruwan cikin ƙwai.

Babbar wautata ita ce jefa musu ɓawon ƙwan da aka fasa a gida, ɓari guda da danshinsa. Ashe darasi nake ba su. Ɓawon yana da amfani, amma sai an busar da shi ko an ɗan gasa, a daka shi har kamarsa ta ɓace.

Wurin yin ƙwai ya kasance akwati ɗaya ga kaji 4 ko 5, da busasshiyar ciyawa mai kauri a ƙasa, da ɗan duhu. Abin da kaza ba ta gani sosai ba, ba ta cika saransa ba. Yawancinsu da safe suke yin ƙwai, to kada a bar shi har yamma. A kwashe da hantsi, a sake leƙawa da rana, wanda ya fashe a share shi har da ciyawar da ta jiƙe.

Za a ce muku ku cusa barkono a cikin ɓawo. Na yi, suka cinye tas, domin tsuntsaye ba sa jin yajin barkono. Ƙwan katako ko na roba mai tauri ya fi aiki: ta sara ta sara, ta ga ba ya fashewa, ta haƙura. Akwati mai ɗan gangare, wanda ƙwai ke gangarawa ya ɓuya a bayan katako, ya fi duka.

Mai laifin ba ta da wuyar ganewa, za ka ga busasshiyar gwaiduwa a bakinta da gashin wuyanta. Ware ta da wuri kafin ta koya wa sauran. In an gyara komai ta ƙi bari, to sabo da kaza ba ya hana yanka. Sai dai a tabbatar tukuna, domin idan ƙwai na ɓacewa ɗungurungum babu ɓawo babu danshi, maciji ko ɓera za a nema a bayan akurkin.